Mai Tsaron Gida

Tun ranar da bam ya tashi a hanyar Kasuwar Kwastam, ina riƙe da ledar tumatir, ban sake taka zauren gidanmu ba. Ko ƙwarzane ban samu ba, amma ƙafafuna suka yi rantsuwa. Na gama sakandare, takardar sakamakona tana makaranta tana jirana, kuma sai ni da kaina za a ba. Umma ta yi lallashi, ta yi faɗa, ta sa aka yi mini rubutu na sha. Ni dai daga ɗaki sai tsakar gida. In murfin tukunya ya faɗi, a ƙarƙashin gado ake samuna.

Kawu, ƙanin Umma, koci ne na wata ƙungiyar ƙwallon ƙafa a unguwar Fezzan, wadda a iya sanina ba ta taɓa cin kofi ba, ko na shan shayi. Da aka daina taruwa a fili, 'yan wasansa suka watse, ya rage daga shi sai usur. Koci babu 'yan wasa kuwa liman ne babu mamu. Wata safiya sai ga shi gidanmu a Gwange. Ya ɗora tsohon ƙyaure a kan durom biyu, ya yanko gefen gidan sauro ya ɗaura a tsakiya, ya fito da bat biyu na buga ƙwallon tebur da 'yan fararen ƙwallaye guda biyu, waɗanda kowa a garin ke kira ƙwai.

"Yaya, ara mini 'yarki," ya ce wa Umma. "Wata biyar ba ta bar gida ba. Duk Borno babu mai tsaron gida kamarta."

Na ce, "Kawu, ai kai ƙwallon ƙafa ka sani."

"Ke, ƙwallo ƙwallo ce! Waccan ƙafa ke bugawa, wannan ma ƙafa ke bugawa, hannu ɗan aike ne. Lanƙwasa gwiwa. Tsaya a kan yatsu. Kada ki bi ƙwan da ido kawai, kalli kafaɗata, kafaɗa ba ta ƙarya."

Sai da na zagaya rijiya sau goma kafin ya bar ni na taɓa bat. Da ya yi bugun farko, ƙwan ya ce tak-tak-tak a kan ƙyaure, na yar da bat na kwanta rub da ciki. Kawu ya tsaya a kaina yana jinjina kai.

"Shekara uku ina koya wa golana faɗuwa, bai kai rabin saurinki ba. Tashi, baiwa ce."

Haushi ya tashe ni. A mako na biyu na fara mayar da bugu. A na uku Kawu ya manta inda yake. Ya hura usur iya ƙarfinsa, ya daka ihu: "Hari! Hari ta hagu! Babu tsaro a baya!"

A Maiduguri! Maƙwabciyarmu, wata tsohuwa Babarbariya, ta suri jikoki biyu ta fice babu takalmi. Mai shago ya ja ƙofa ya kulle kansa tare da masu ciniki. Mai shayi ya bar butarsa a wuta. Ni da na san dalilin ihun ma sai da na shige ƙarƙashin ƙyauren.

Da yamma dattawan layi suka zo su huɗu, suka zauna a zaure, ina jiyo su daga ciki. Kawu ya fara yi musu bayanin yadda ake sauya wasa daga baya zuwa gaba. Babbansu ya ce, "Malam, mu ma yau mun sauya, har bakin kogi muka kai." Aka yanke hukunci: a karɓe usur, kuma kada a sake jin hari, ko tsaro, ko harbi daga gidan nan.

Kawu bai karaya ba. Washegari hari ya koma ziyara.

"Kawo mini ziyara ta dama! Ziyara mai zafi!"

Umma ta taka ƙwai ɗaya ya lotse. Kawu ya jefa shi a ruwan zafi ya taso ya miƙe, Umma tana cewa yau ga ƙwan da ake dafawa ba a ci. A dafawa ta uku ya tsage. Saura ɗaya.

Shi na kai wa ziyarar da ta fi ƙarfin ƙyaure. Ya yi tsalle, ya bi ta zaure yana tak-tak.

Kawu ya ce, "Gola, kada ya wuce layi!"

Ban yi tunani ba. Ƙafa ce ta tafi, hannu ɗan aike ya cafke shi a bakin kwata. Sai da na ɗago na ga rana ta yi yawa, na ga shago, na ga mai shayi. Ina waje. Wata keke napep ta wuce, salansarta ta yi ƙara, fam! Gwiwoyina suka lanƙwashe, amma ina kan yatsuna. Tsohuwar nan ta leƙo daga ƙofarta, ta gaishe ni da Barbarci.

"Wushe, 'yata. Kin fito? To a gaya wa kawunki ya yi shiru."

Kawu daga bakin zaure ya ɗaga hannu: "Ofsayid!"

Ranar Litinin na je karɓo takardata. Ban bi ta Kwastam ba, har yau ba na bi, zagaye nake yi. Na tafi da ƙwan a dunƙule cikin hijabi, ina kallon kafaɗar duk wanda ya tunkaro ni. Da na dawo na buɗe hannu, ya lotse kamar an bi ta kansa da turmi. Umma ta karɓi takardar, ta dubi ƙwan, ta ɗora ruwa a wuta.