Ga Tsohon da Ya Riƙe Akwati Mai Baki Huɗu

Daga Allah muka zo, wurinsa kuma za mu koma, babu wanda za a bari a baya.

Ranar Laraba, tara ga watan jiya, da hantsi, Allah ya karɓi ranka. Labarin bai iso mu ba sai washegari, da maiɗakinka ta kira wayar 'yata Auta muna cikin shago. Na ga ta ajiye almakashi, ta zauna a kan kwalin takarda, ta ce, "Umma, Tsoho ya rasu." Tsoho shi ne sunan da kake sawa a ƙarshen kowane saƙo, da shi muka san ka. Na ce mata ta yi maka addu'a, sannan ta tashi ta ƙarasa allon da mai shi ke tsaye yana jira. Ta yi duka biyun.

Ba zan ƙara gishiri ba, domin ba na son a yi wa mamaci ƙarya ko da ta yabo ce. Ni da kai ba dangi ba ne, ba maƙwabta ba ne, ban kuma taɓa ganinka ba sai ta fuskar waya. Abu biyu suka sa na ɗauki alƙalami. Ka yi wa gidana alheri. Sannan ka tafi ka bar wani aiki babu mai riƙo, ka ambaci sunan 'yata a kansa, ita kuma ta ƙi karɓa. Daga bayan rasuwarka zuwa makon jiya, wannan maganar ce ta hana gidana sakat.

Bari in faɗi yadda muka haɗu, saboda waɗanda ba su sani ba.

Marigayi mahaifin Auta ya bar mana shagon rubutun alluna. A ciki akwai injuna uku tsofaffi: mai yanka sitika, mai sassaƙa hatimi, da wani mai zane a kan farantin ƙarfe. Dukansu da kwamfuta ake ba su umarni, ta wata waya mai faɗin kai da ƙananan haƙora a ciki. Da tsohuwar kwamfutar ta mutu, yayan Auta ya kawo sabuwa, ya zuba mata tsarin Linux, wanda ya ce na kowa ne, duk mai so yana iya buɗe cikinsa ya karanta ya gyara. Sabuwar kwamfutar ba ta da ramin da irin wayar nan za ta shiga. Sai ya sayo wani ɗan akwati da bai fi tafin hannu ba, waya ɗaya ta USB a baya, baki huɗu a gaba, ya ce a soka injunan a nan. Ya soka, babu abin da ya motsa. Ya sosa ƙeya, ya ce direba ce babu, wato 'yar manhajar da ke sa kwamfuta ta gane akwatin. Kafin mako ya zagayo an kira shi wurin aiki a wani gari, ya tafi ya bar ƙanwarsa da injuna uku a tsaye. Haka maza da yawa suke: su fara, su yi bayani mai daɗi, su tafi.

Auta ta yi ta bincike har ta gano cewa direbar tana da mai kula da ita, kuma kai ne. Ta rubuta maka. Daga baya na karanta saƙon, layi ɗaya ne: akwatina ba ya aiki, a taimaka. Amsarka ma na karanta ta. Ka yi mata sallama, ka tambayi mutanen gida, sannan ka ce, "Ba ya aiki ba magana ba ce. Ki cire wayar, ki mayar, ki buɗe baƙin allon nan na rubuta wa kwamfuta umarni, ki kwafo min abin da kwamfutar ta rubuta, harafi da harafi. Kada ki gyara mata magana." Tun daga wannan amsa na san tarbiyya gare ka.

Amma sanin tarbiyya a rubuce bai ishe ni ba. Da na ga 'yata budurwa tana musayar saƙo da namijin da ban sani ba safe da yamma, na ce ta kira min kai in gan ka. Ta ce, "Haba Umma, kunya za ki ba ni." Na ce kunyar ba ta kisa. Ta kira. Na ga dattijo mai furfura, gilashi a kan karan hanci, ya matso da fuska har goshinsa ya cika wayar.

"Malam, shekarunka nawa?"

"Sun kai a kira ni Tsoho ban ji haushi ba, Hajiya."

"Kana da iyali?"

Ka juya wayar. Maiɗakinka ta ɗago hannu daga kan kujera ta ce, "Yauwa, ki taya ni yi masa faɗa, abincinsa tun ɗazu ya huce."

"Wa ke biyanka wannan aiki?"

"Babu kowa."

"To wa ya aike ka?"

Ka yi dariya, ka ce wani ne ya fara rubuta direbar ya bari a fili, kai ka tarar, ka ga da sauran gyara, ka zauna. Ka ce aikin wayar tarho ka yi har ka yi ritaya, kuma hannunka bai saba zama haka nan ba. Na ce maka a ganina aikin da ba a biya ba wasa ne, don in ya lalace babu wanda za a kama. Ka ce, "Ai kuwa ana kama ni, Hajiya, har da zagi." Na miƙa wa Auta wayarta, na ce tana iya ci gaba.

Abin da ya biyo baya a gabana aka yi shi, ina zaune a bayan kanta ina ɗinkin bakin tuta. Ba ka taɓa cewa ta ba ka hanya ka shiga kwamfutar daga can ka gyara ba, ko da yake ta roƙe ka. Ka sa ta sauko da rubutun direbar, ka sa ta haɗa shi da hannunta, ta loda shi. Kwamfutar ta ga akwatin, amma ta hana ta amfani da bakunan. Ka ce ba a sa sunanta cikin waɗanda aka yarda su taɓa su ba, ta sa kanta, ta fita daga kwamfutar ta sake shiga. Ta manta fitar, ta yi ta fama har la'asar. Ka bar ta. Da ta gano da kanta ta rubuta maka cikin fushi, ka ce, "Yanzu ba za ki sake mantawa ba." Ranar da wuƙar injin sitika ta fara tafiya, Auta ta yi ihu har mai shagon gefe ya leƙo. Ni na ce ta rage murya, akwai mutane.

Akwai wata safiya da wuta ta ɗauke ta dawo. Auta ta aika zanen hatimi, sai injin sitika ya ɗauka, ya kekketa sabon naɗi gaba ɗaya. Ta rubuta maka cewa komai ya lalace. Ka ce komai bai lalace ba, ta faɗi abu uku: me ta danna, me ta zata zai faru, me ya faru. Ashe duk lokacin da kwamfutar ta tashi tana iya sauya wa bakunan lamba, na ɗaya ya koma na biyu. Ka koya mata yadda za ta ba kowane baki suna tsayayye. Waɗannan tambayoyi uku na ɗauke su. Yau ko jikokina suka zo da ƙara, su nake yi musu, kuma rabin ƙarar a nan take mutuwa.

Daga baya akwatinmu ya ƙone, aka sayo wani iri, direbar ta ƙi gane shi. Ka ce lambar shaidarsa ce ba ta cikin rubutun, kuma ba kai za ka sa ba, ita za ta sa ta aiko kowa ya gani. Layi ɗaya ne. Ka yi ta dawo mata da shi: nan tazara ta yi yawa, nan bayanin bai faɗi dalili ba. Har ta ce, "Wallahi Umma Tsohon nan ya fi ki tsanani." Na ce to Alhamdulillahi, an samu. Daga wannan layi ta wuce zuwa wasu, har ta kai kana turo mata tambayoyin mutane ta amsa kai ka duba.

Wata rana ta nuna min saƙon wani da ya zage ka, ya ce direbarka shara ce, ta ɓata masa yini. Ka amsa masa cewa ka ji ba daɗi da yininsa ya ɓaci, ya turo abin da kwamfutar ta rubuta. Ka gyara masa. Bai ce na gode ba. Da ni ce da ban amsa ba, kuma har yau ina ganin ya kamata a bar mara kunya da injinsa a tsaye ya koyi gaisuwa. Kai ba haka ka gani ba. Na rubuta wannan ne don yaran yanzu, masu ganin duk abin da suka samu kyauta daga sama ya faɗo. Bayan kowane abu da ya yi aiki akwai mutum da ya zauna abincinsa ya huce.

Ba ka gaya mana kana jinya ba. Sai bayan rasuwarka abokan aikinka suka rubuto wa Auta cewa ka bar musu magana, in ta yarda ita za ta riƙe direbar. Suka ce ƙa'idarsu ita ce, abin da ba shi da mai kula ana sa masa alamar maraya, in ya daɗe a haka a cire shi daga tsarin. Auta ta rufe saƙon. Tana buɗe shago, tana yanka, tana sassaƙa, amma ba ta duba saƙonnin. Wayarta na ƙara tana kifewa. Na ƙyale ta, domin makoki yana da haƙƙinsa, kuma gaskiya ni ma ban ga dalilin da za ta ɗauki nauyin duniya ba alhali shago na jiranta.

Makon jiya mota ta sauke mana wani babban kwali daga maiɗakinka. Akwatuna ne irin namu, iri-iri, wasu sun tsage, wasu an naɗe su da salatif, da wayoyi a ɗaure. Maiɗakinka ta kira ni ta ce da su kake gwada kowane gyara kafin ka sake shi, wasu ka saya, wasu mutane suka aiko maka. Ta ce, "Yaya, ni ban san kansu ba, 'ya'yanmu ma ba su sani ba. In Auta ba ta so, ki dawo min da su in zubar." Kwalin ya kwana a bakin ƙofar falo, kowa na kewaye shi.

Da safe na ce Auta ta kawo wayar ta buɗe min saƙonnin. Turancina na sakandare ya isa. Akwai mai awon hatsi da sikelinsa ya daina magana da kwamfuta. Akwai wata ma'aikaciyar ɗakin gwajin jini a wani ƙaramin asibiti, ta ce an sabunta musu tsari, na'urarsu ta tsaya, da hannu suke kwafe sakamako, ta rubuta sau da yawa ba amsa. Ba ta ma san ka rasu ba.

Na ce, "Kin san gyaran wannan?"

Ta ce, "Ina jin na sani."

"To me kike jira?"

"Umma, ni mai yankan sitika ce. A da Tsoho ne ke dubawa. In na yi kuskure na'urar asibitin mutane ta tsaya fa?"

"Yanzu tafiya take yi?"

Ta ce, "Ke fa kika ce aikin wasa ne."

Na ce na faɗa, kuma ban janye ba. Da shawara aka yi da ni tun farko, da na ce a'a. Amma mutum ya koya miki abu bai ɓoye komai ba, ya mutu ya ambaci sunanki, matarsa ta aiko miki da kayan aikinsa. Wannan ya tashi daga sha'awa ya zama amana, kuma ba a gidana za a mayar da amana cikin mota ba. Na ce in tsoro take ji, ta ji, ta yi aikin da tsoron, ya fi a yi shi da girman kai.

Na kwashe keken ɗinkina daga teburin da ke bakin taga na mayar ɗakina, na ce ta jera akwatunan a nan. Na kafa mata sharaɗi: sai an rufe shago, kuma in an zuba abinci za ta tashi. Ta rubuta wa abokan aikinka ta karɓa, ta roƙi a bar sunanka a saman rubutun, suka yarda. Ta fara da matar asibitin. Ta sanar da ita rasuwarka, ta gwada gyaran a kan akwatunanka kafin ta aika. Shekaranjiya matar ta rubuto cewa na'urar ta tashi, ta kuma ce a miƙa gaisuwarta ga iyalinka. Ga shi na miƙa.

Allah ya jiƙanka, ya gafarta maka kurakuranka, ya yalwata maka kabari, ya haskaka shi. Allah ya sa kowane aikin halal da aka yi ta hanyar abin da ka bari ya shiga ma'auninka. Ga maiɗakinka, 'yar'uwata da ban taɓa riƙe hannunta ba, da 'ya'yanku da jikokinku, Allah ya ba ku haƙuri, ya tsaya muku. Kayan sun iso lafiya, kuma ba za su dawo ba. Mu da muka rage, Allah ya sa mu cika da imani.