Kilishi a Injin Madam

Gidaje da yawa na yi wa girki a Kaduna, wasu har sunan masu su ya ɓace mini, amma wata Asabar a unguwar Narayi ta ƙi fita daga raina. A damunar shekarar da sojoji suka koma bariki suka bar wa farar hula mulki ne. Ku da kuke koyon aikin kuku yanzu kuna yawan tambayata ko an taɓa korata daga aiki. An taɓa, kuma a ranar ne.

Sunana Ishaya. A lokacin ni ne kukun gidan wani ɗan siyasa, mutumin kudancin jiha kamar ni, wanda bai daɗe da cin zaɓen majalisa ba. Oga muke ce masa, daga baya aka koma Honarabul. Ga wanda bai san tsarin irin waɗannan gidaje ba: direba da maigadi na ƙarƙashin maigida ne, kicin kuwa na uwargida ne. Daga bakinta kuku yake karɓar umarni, kuma ba ya shiga falo in da baƙi sai an kira shi. Ko maigida ne ke son wani abu, ta wajenta saƙon ke biyowa. Haka muka zauna lafiya shekaru, har zaɓe ya kawo mana Danladi, abokin yawon kamfen ɗin Oga. Aka ba shi muƙamin mataimaki na musamman, wato mai riƙe jaka da tsara baƙi. Shi kuma ya ɗauka har tukunyata tana cikin jakar.

Uwargidan, Madam Saratu, malamar makaranta ce kafin ciwon daji ya kama ta a nono. An yi mata aiki a ƙasar waje, ta dawo tana zuwa asibiti lokaci-lokaci ana yi mata wata allura. Allurar ta zubar mata da gashi, ta kashe mata baki. Ƙamshin suya, tururin nama, ko mai a kan wuta, da ta shaƙa sai amai. Na gwada fate, na gwada kunun acca, na gwada farfesun kifi, duk suka dawo mini a kwano.

Abu ɗaya ne ke zama a cikinta. Wata mata da suka kwanta ɗaki ɗaya a asibitin can ta ba ta wani inji na busar da abinci, ta koya mata wani irin burodi da ba ya ganin wuta. Injin akwatin roba ne mai faranti hawa-hawa, da 'yar fanka a bayansa tana hura iska mai ɗumi, ɗumin da bai fi na ruwan wankan jariri ba. Burodin kuwa ba fulawa, ba yis, ba ƙwai, ba madara, ba abin da ya fito daga jikin dabba. Da ta fara yi mini bayani na ce a raina wannan ba burodi ba ne, wasan yara ne. Ta zauna a kujera a bakin ƙofar kicin da ɗankwali a kai, tana nuna mini da yatsa har na iya.

Ga yadda ake yi. Ka yanka albasa siriri kamar zare, mai yawa, ka barbaɗa gishiri ka murza har ta saki ruwanta. Ka niƙa riɗi da agushi ɗanye. Sai wasu 'ya'yan ƙanana masu sheƙi da ta zo da su a leda, filas take ce musu; in ka niƙa su suka ji ruwa sai su yi yauƙi, su ne ke riƙe ƙullun. Ka zuba man zaitun kaɗan da ruwan lemun tsami, ka cuɗa, ka shimfiɗa a faranti da bayan cokali, kauri bai kai na yatsa ba. Daga nan sai haƙuri. Yana wuni a ciki, ka juya shi, ya kwana. In an ɗauke wuta dole a tayar da janareta, in ba haka ba ya yi tsami. In ya yi kyau yakan fito ruwan ƙasa, yana lanƙwasuwa ba ya karyewa, albasar ta yi zaƙi ba yaji. Madam takan sa masa fiya da tumatir.

Ban ce magani ba ne. Likitanta ma cewa ya yi ta ci duk abin da cikinta ya karɓa, kuma ba ta taɓa fasa allurarta ba. Amma shi ne abincinta.

To, aka sa ranar walimar godiya ta cin zaɓe, Asabar. Litinin ɗin da ke biye kuma ranar allurar Madam ce, kuma bayan allura takan yi kwanaki ba ta iya kallon komai sai burodin nan. Don haka tun ranar Juma'a da safe na cika farantan duka. Ragowar filas ɗin da ke ledar na juye gaba ɗaya, don wanda aka yi saƙo bai iso ba, kuma a lokacin ba a samunsa a kasuwannin Kaduna. Na juya burodin da yamma. Asabar da safe na leƙa, ya kusa, sai na tafi kasuwa da direba sayo kayan miyar baƙi.

Da muka dawo, tun daga bakin get na ji wari. Yajin ƙuli da ɗanyen nama. Na ajiye buhun tattasai na shiga ɗakin ajiya inda injin yake. An murɗa shi har ƙarshe, yana ta huci, farantan cike da yankakken naman shanu, jini na ɗiga daga na sama zuwa na ƙasa. Biyu sun riga sun lanƙwashe don zafi.

Burodin na same shi a bayan kicin, cikin garwar shara, a kan kayan cikin bijimin da aka yanka don walimar. An yi yayyafi a kansa.

Danladi na tsaye a inuwar rumfa yana nuna wa masu kujeru inda za su jera. Na ce, "Oga Danladi, wa ya taɓa injin Madam?"

Bai ko juyo sosai ba. Ya ce, "Ni ne. Ciyaman na jam'iyya yana son kilishi, mai kilishin kuma ya ce ba rana, hadari ya hana shi shanya. Na ga abin nan busarwa yake yi, shi ke nan."

"Abin da ka tarar a ciki fa?"

"Wannan tabarmar? Na ɗauka ta lalace ne. Ka sake wata."

Na ce masa ba sauran kayan haɗi, kuma ko da akwai, robar ta sha warin nama, Madam ba za ta iya kusantar abin da ya fito daga ciki ba. Na ce masa abincinta ke nan na mako guda.

Ya ce, "Haba Ishaya. Ga shinkafa, ga kaji, ga sa guda an kayar. A gidan Honarabul za ka ce wani ya rasa abinci? Ta daure ta ci abin da mutane ke ci."

Na koma ciki. Na zare wayar injin daga bango. Na ɗauki faranti ɗaya na naman, na je garwar shara na tsamo burodin da hannuna na ɗora a wani, na nufi falo. Na san doka, ni na faɗa muku ita ɗazu. Na taka ta ina sane.

Falon cike yake da manyan riguna. Oga na tsakiya, Ciyaman a damansa, ana ta dariya. Na cire takalmi a bakin ƙofa, na durƙusa na ajiye farantan biyu a kan tebur, kusa da kwalaben lemo.

Oga ya ce, "Mene ne wannan?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, wannan abincin Madam ne, daga shara na ɗauko. Wannan kuma abin da aka zubar da shi dominsa ne."

Ya dubi baƙinsa ya yi 'yar dariya. Ya ce, "A kan biskit ka shigo mini falo? Je ka dafa mata wani abu mana."

Wani daga gefe ya ce matan yanzu sai su da abincin Turawa. Aka yi dariya.

Na ce, "Ranka ya daɗe, me zan dafa mata? Ka faɗa mini abu ɗaya da ka ga ta ci tun da aka rantsar da kai, in je in dafa."

Ciyaman ya sunkuyar da kai yana gyara hularsa. Oga kuwa rabonsa da hawa sama ya zauna da ita a kan abinci tun kafin zaɓe. Can sai ya ce, a hankali, "Ka gama abincin baƙina. Gobe kada rana ta faɗi kana gidan nan."

Na ce, "Na ji, ranka ya daɗe." Na bar musu farantan a wurin.

Abin da ya fi mini wuya shi ne hawa sama. Na ƙwanƙwasa, ta ce in shigo. Tana zaune a bakin gado cikin leshin da aka ɗinka na walima, ta ɗaura gwaggwaro a kan da ba gashi, da tawul a hanci. Tagarta a rufe.

Ta ce, "Na ji warin tun ɗazu, Ishaya. Duka ne?"

Na ce, "Duka, Madam."

Sannan ta ce, "An ce ka yi magana a falo. Da ba ka yi ba. Kana da iyali."

Na ce mata ba zan iya gani in yi shiru ba. Ta ce in kawo mata ruwan ɗumi da lemun tsami. Shi ta sha. Da aka fara taro ta sauko tana dafa bango, ta tsaya a gefen mijinta ana ɗaukar hoto, tana murmushi, hayaƙin gashin nama na bi ta fuskarta. Ina hango ta daga tagar kicin ina juya jalof. Na dafa wa mutanen nan abinci mai kyau, ban rage gishiri ba, ban ƙona komai ba, don matan coci da suka zo taya ni ba su yi mini laifi ba. Amma ban taɓa girki da baƙin rai irin na ranar ba. Kilishin ma bai yi ba. Da yamma Danladi ya sa aka ba karnuka.

Washegari bayan an taso daga coci ina ɗaure kayana sai direba ya zo da injin a hannu. Ya ce Madam ta ce in kai gidan yayarta, Anti Laraba, a Unguwar Boro, in jira ta can. Ranar Litinin daga asibiti can aka wuce da ita. Ba ta yi faɗa da kowa ba, ta ce wa Oga gidan ya yi mata hayaniya. Shi kuma bai hana ba.

Na wanke farantan da toka, na jiƙa su a ruwan lemun tsami, warin ya ƙi fita. Sai na kai wa wani maƙeri a Tudun Wada, Malam Sani, ya auna ya yi mini sababbi da ragar ƙarfe mara tsatsa. Da na gaya masa na mara lafiya ne, ya ajiye aikin da ke hannunsa ya yi nawa. Maimakon filas na gwada garin busasshiyar kuɓewa. Na farko ya fito da santsi kamar miya, Madam ta taɓa shi ta yi dariya har da tari. Na rage kuɓewar na ƙara riɗi, na biyu ya kama. Kafin nan ta yi kwanaki a kan ruwan kwakwa da gwanda, ta rame har zobenta na zamewa. Ranar da ta cinye yanka guda ta nemi ƙari, Anti Laraba fita ta yi tsakar gida tana share ido.

Na yi mata burodin nan har bayan Kirsimeti. Kafin wata damunar ta rasu.

A wurin jana'iza Oga ya karɓi lasifika. Ya ce ba abin da bai yi mata ba, har inji na musamman ya sa aka kawo daga ƙasar waje don abincinta. Mutane na gyaɗa kai, wasu mata na kuka. Danladi na bayansa riƙe da laima. Na tashi daga bencin na fita waje, don na san bakina.

Bayan sadakar makoki Oga ya aiko a ce in koma aiki, komai ya wuce. Na ce a gaya masa na gode, na samu wani wuri. Ban samu ba a lokacin, sai da na yi watanni ina soya ƙosai da matata a bakin titi.

Abin da nake so ku riƙe ke nan. Za a koya muku cewa gwanintar kuku a teburin baƙi take, inda ake yabo. Baƙo ya ci ya tafi, gobe ya ci a wani gida. A kowane gida akwai wanda abincinsa ya fi na kowa wahala kuma muryarsa ta fi ta kowa ƙasa: tsoho, ko mai jego, ko mara lafiya a ɗakin sama. Kai kaɗai ne ka san ko ya ci, don kai kake ganin kwanon in ya dawo. In ka yi shiru a kansa, ba mai magana. Aikin zai iya tafiya, nawa ya tafi. Amma in aka ce yau in sake ɗaukar farantan nan biyu in shiga falon, ba zan tsaya cire takalmi ba.