Agogon London ya hana ni ganin Kawu

Jama'a, yau agogo ya hana ni yin bankwana da Kawun da ya rene ni. Innalillahi!

Ya rasu da asuba a Kano. Yaya Binta ta ce, "Ƙarfe goma za a fita da shi, ka kira ta video ka gan shi."

Tun Maris lokacinmu ɗaya da gida, har na daina lissafi. Ashe yau aka mayar da agogon London baya, wai kyautar awa guda ta barci! Wayata ta gyara kanta, ba ta shawarce ni ba.

Goma daidai na kira. Ƙanina Sani ya ɗauka, hannunsa duk ƙasa.

"Yaya, nan sha ɗaya ta yi. Mun rufe shi."

Na ce, "To juyo wayar, in ga kabarin."