Mai Saƙar Raket na Abhur

In ka taɓa shiga motar safe daga Waziriyya zuwa Abhur a birnin Jidda, to ka ga Abdulmajid ko ba ka san sunansa ba. Shi ne dattijon nan na kusa da taga, yatsu duk kanta, mai fara gyangyaɗi tun ba a fita unguwa ba. A Jidda aka haife shi. Kakansa ne ya taho aikin Hajji daga Kano, bai koma ba. Shekara talatin da huɗu ke nan sana'arsa ɗaya a wani kulob na bakin teku: saƙa tsirkiyar raket ɗin tanis.

Wani Bature ɗan Ingila ya koya masa, mai horar da 'yan wasa, wanda ciwon gwiwa ya raba da gasa tun yana saurayi. Shi ya nuna masa in an gama saƙa a buga raket a tafin hannu a saurari ƙararsa. Sauran kuwa Abdulmajid da kansa ya gano: danshin Jidda na sa tsirkiya ta saki, don haka yakan ƙara ɗaure ta kaɗan, ba ya ma gaya wa mai raket. A wurin Baturen nan ya kwaso ciwon goyon bayan 'yan Birtaniya, mutanen da suka shekara saba'in da bakwai suna jiran wani namiji nasu ya ci kofin Wimbildon a gidansu. Ranar da aka ci, a 2013, har kaza ya sayo wa matarsa Madina, uwar 'yarsa Dalal.

"Kai da ko Ɗa'ifa ba ka cika zuwa ba," in ji ta, "me ya haɗa ka da kofin Landan?" Kazar dai ta ci.

Ana nan sai badel ya shigo gari. Wasa ne da ake yi a cikin keji na gilashi, raket ɗinsa kamar faranti mai huji-huji, ba tsirkiya ko ɗaya. Filayen tanis shida na kulob suka koma biyu. Wani makon raket uku kacal ake kawo masa. Ga iƙamarsa, takardar izinin zama a ƙasar, saura wata biyu ta ƙare, kuma kulob ɗin ne kafilinsa.

Nawaf, sabon manaja, sa'an ɗansa, ya kira shi ofis. Ammu yake ce masa, wato baffa.

"Ammu Abdulmajid, wallahi kunyarka nake ji. Ɗakin saƙa za a mai da shi wurin sayar da lemo."

"Injin saƙar fa?"

"Sito."

"Ni ma siton?"

Nawaf ya fara dariya, ya ga ba wurinta ba ne, ya haɗiye. "Gilasan badel na son mai gogewa safe da yamma, gishirin teku na dusashe su. In ka karɓa a sabunta maka iƙama. In ba haka ba, ba ni da gurbin da zan rubuta sunanka."

Ya ce a ba shi zuwa gobe.

Da la'asar ya tarar da Madina tana tsince shinkafa, ya zube kan tabarma ko takalmi bai cire ba.

"Shekara talatin da huɗu, ƙarshenta tsumma da bokiti."

"Ni shekara nawa nake tsumma da bokiti a gidan nan, Abu Dalal? Ban mutu ba." Ta ture tiren gefe. "In ka ƙi, ina muka nufa? Kano? Wa ka sani a can? Hausar taka ma dariya za su yi mata."

"Hannun nan fa na saƙa ne, Madina."

"Na san hannun. Halas, magana ta ƙare, tashi ka ci abinci."

Washegari ya sa hannu a takarda, aka ba shi tsani da bokiti. Keji huɗu ne, gilashin ya fi shi tsawo nesa ba kusa ba, kafin ya gama na biyu kafaɗa ta fara zogi. Yana kan na uku wasu 'yan mata biyu suka iso da farantansu, ɗaya ta duba agogo.

"Ya ammu, lokacinmu ya shiga."

"Yanzu, 'yata," in ji shi. Ya sauko a hankali, mataki ɗaya-ɗaya, ya ja tsanin zuwa keji na huɗu.