Gwandar da Likita Ya Rubuta

Sana'ar Inna turaren wuta ce. A shekarun tamanin, baƙo ba ya tambayar gidanmu a unguwar Limanti, hancinsa ke kawo shi har ƙofa. Takan jiƙa itacen a turare kwana da kwanaki, ta daka farcen turare da ƙaron jawi, ranar haɗi kuma ta narka sukari a babbar tukunya har ya yi ja ya fara danƙo, sannan ta juye itacen a ciki. Ba ta da ma'auni. Da yatsu uku na hannun dama take ɗiban komai, ta murza, ta kai hanci, ta ce ya yi ko da saura. Da waɗannan yatsun kuma take jan kunnena, domin duk cikin 'ya'yanta ni ce mai baki, kuma ban taɓa ganin dalilin da zai sa in haɗiye magana ba.

Ina kwalejin horon malamai, shekarata sha tara, abin ya faru. Wani hantsi cikin bazara dutsen murhu ɗaya ya goce, tukunyar ta karkata, Inna ta kai hannu ta tare. Narkakken sukari ba ya zuba ya wuce kamar ruwan zafi. Manne wa fata yake yi, ya ci gaba da ci.

Ba a aiko mini ba sai bayan kwana tara. Na tarar da ita kwance a ɗaki, Kaka, wato mahaifiyarta, na zaune a gefe tana yi mata fifita. Kaka ta riga ta yi abin da ta sani: ta fasa ɗanyen ƙwai a kan ƙunar, ta lulluɓe da gashin zomo, ta hana ruwa taɓa wurin. Bayan hannun da yatsu biyu sun yi wani baƙin ɓawo mai tauri kamar ƙanzo. Matan da ke shigowa dubiya suna leƙawa suna cewa alhamdu lillahi, ya bushe, saura ya faɗi da kansa. Kasko biyu ne a ɗakin, kowanne yana tashin hayaƙi, domin a wurinmu ba a barin mai jinya ta karɓi baƙi babu turare.

Ni da na shigo daga waje, na ji wani abu a ƙarƙashin ƙanshin. Ɗoyi ne, siriri, amma yana nan. Na dubi Inna, ta kau da kai. Macen da ke gane turaren da aka tsarma da ruwa tun daga zaure ba za ta kasa jin wannan ba. Ta ji tun tuni. Kunyar ta ce wa uwarta maganinta bai ci ba ce ta sa take cewa a ƙara garwashi. Na ɗauke kaskon duka biyu na fitar tsakar gida, na buɗe taga, na ce kowa ya shaƙa. Ranar na yi wa Kaka maganar da har ta rasu ina neman gafararta.

A asibiti wani dogon likita ya duba hannun, ya danna gefen ɓawon, ruwan mugunya ya fito. Ya yi mini bayani a tsaye, ba ya ɓoye komai. Wannan ɓawon da ake murna da shi mataccen nama ne, ciwon yana ƙarƙashinsa yana ci, kuma dole a cire shi. Matsalar ita ce bayan hannu ba shi da tsoka, daga fata sai jijiyoyin da ke motsa yatsu, wuƙa kuwa ba ta iya ɗauke matacce ba tare da ta haɗa da mai rai ba. Ranar Alhamis ake shiga tiyata. In har zuwa ranar wurin bai tsabtata ba, zai yanka, kuma bai yi mini alkawarin manuniya da yatsan tsakiya ba. Ya ce akwai wani man shafawa na ƙasar waje da ke narkar da mataccen nama, amma ya daɗe bai gan shi a garin ba.

Akwai wata babbar nas a ɗakin, kowa Sista yake ce mata. Mutuniyar kudancin Barno ce, gajera, da ɗan gicciye a wuya, furfura ta fara leƙowa ta gefen hularta. Ta yi wa likitan magana ƙasa-ƙasa. Ya gyaɗa kai, ya yi rubutu a kati ya miƙo mini. Layin farko allura ce. Layi na biyu na karanta shi sau uku, don na ɗauka Turancina ne ya gaza. Gwanda aka rubuta, a sa sau ɗaya kowace safiya.

"Likita, daga gashin zomo na gudo da ita," na ce. "Yanzu kuma gwanda? Da kankana za a haɗa ko da mangwaro?"

Sista ce ta amsa. "'Yata, in kin gama ki je ki samo. Wadda ta ƙosa amma ba ta yi laushi ba. Kwana biyar gare mu."

"Wannan ai maganin ƙauyenku ne na kan dutse. Mu asibiti muka zo," na ce mata.

Sista ta ci gaba da naɗe bandeji kamar ba ta ji ba. Inna, da zazzaɓi ya hana ta ɗaga kai, ta buɗe ido ta dube ni, ta dubi hannunta, ta mayar da idon ta rufe. Na fita ina huci, na tafi har lambunan bakin kogi na sayo gwandar, don kada a ce ni na hana.

Kowace safiya Sista takan wanke hannu har gwiwa, ta fere gwandar da wuƙar da aka dafa, ta kwashe 'ya'yan, ta dame naman a kwanon ƙarfe, ta shimfiɗa shi da kauri a kan farin ƙyalle, ta rufe ƙunar. Yana da raɗaɗi. Inna ba ta kuka, sai dai leɓenta ya yi ta motsi da salati. Rana ta farko da aka kwance, babu abin da ya sauya, ni kuwa na tabbatar Sista ta ga irin kallon da nake yi mata. Rana ta biyu gefen ɓawon ya yi fari-fari ya saki.

A safiya ta uku ne Sista ta ce in matso in riƙe kwano. Ta kwance ƙyallen a hankali, ta sa hantsaki ta kama gefen baƙin ɓawon nan, wanda kwana uku da suka wuce ko farce ba ya shigarsa. Ta ɗaga, ya biyo ta. Ba ta ja da ƙarfi ba, ba ta yanka ba, jini bai zuba ba. Ya taso kamar fatar da ke kan madarar da ta huce. A ƙarƙashinsa ga nama ja jawur, mai ɗanshi, da ƙananan ƙwayoyi a jere, ga jijiyoyi biyu farare tas kwance a wurinsu, babu abin da ya taɓa su. Iyakar inda mutuwa ta tsaya, nan gwandar ta tsaya.

Na ji tsigar jikina ta tashi. Abin da muke yankawa mu ba yara su lasa, wanda ke fitowa da kansa a bayan makewayi inda aka zubar da ruwan wanke-wanke, shi ne ya yi aikin da likita mai shekaru a makaranta ya ce wuƙarsa ba za ta iya ba.

"Sista, ta yaya gwandar ta sani?"

"Ba ki taɓa ganin an naɗe naman tsohuwar akuya a ganyen gwanda don ya yi laushi ba?"

"Na gani. Amma me ya hana ta cin mai ran?"

"An koya mana cewa mai rai yana da abin da ke kare shi a cikin jini. Matacce ba shi da mai kare shi." Ta jefa ɓawon a kwano. "Na rubuta haka a jarrabawa na ci. Amma har yau in na buɗe na gani, sai in ce Allah da girma yake."

Inna ta ce, "Da girma yake," ba ta ko buɗe ido ba. Sista ta juyo gare ni ta ce kada in kuskura in je in gaya wa matan Limanti su riƙa dama gwanda a gida, domin ba tare da allurar nan da dafaffen ƙarfe da idon likita ba, wani gashin zomon ne kawai.

Ranar Alhamis likita ya zo, ya daɗe yana kallo, ya ce Inna ta motsa manuniya. Ta motsa, kaɗan, amma kowa ya gani. Ya soke sunanta daga masu yanka. Bayan mako biyu aka ɗebo fata daga cinyarta aka rufe wurin, aka ba ta ƙullin tsumma ta riƙa matsawa, don yatsun sun sandare. Babu wanda ya san ko za su sake riƙe wani abu da ƙarfi. Ni kuma duk tsawon kwanakin nan ina gaida Sista har ƙasa, ina ɗauko mata ruwa, ina yin komai ban da abu ɗaya da ya kamata.

Ranar sallama Inna ta sa aka kawo kwalbar turare daga cikin wanda ta ɓoye wa kanta, ta miƙa wa Sista da hannun hagu, ta yi mata sannu da yarenmu, ta ce, "Wushe, Sista, wushe." Sannan ta ce da ni, "Ke, matso."

Na sunkuya, na ɗauka ɗankwalinta zan gyara. Sai na ga hannun daman ya taso, da tabonsa mai sheƙi, yana rawa. Yatsu ukun suka lalubo kunnena. Da farko taɓawa ce kawai, sai riƙon ya ƙara ƙarfi, sai ta murɗa.

"Tun ranar nake ajiye miki," in ji ta. "Ba ta haƙuri."

Da zafi, zafi sosai, irin na da. Na ba Sista haƙuri a sunkuye, hawaye na zuba a kan zanen gado, ina roƙon Allah a zuciyata kada Inna ta yi saurin saki.