Fiyano a Ƙarƙashin Jere

A kan amalanken da muke ce wa pus-pus aka kawo shi, ƙarti na turawa, maigidana na biye da su yana fifita da hularsa. Ina tsakar gida ina tankaɗen garin rogo na ji ana ta "a hankali, a hankali" a zaure. Da na ga girman abin, baƙi wuluk yana ƙyalli kamar an shafe shi da mai, sai na ajiye rariya. Ban tambayi ko mene ne ba. Abin da na tambaya shi ne wa ya gan su a hanya.

"Kowa ma," in ji Malam. "Tun daga titin Kuduku har ƙofar nan."

Lokacin boren sojoji ne, wanda aka riƙa kwashe Turawa a jirgi. A kwanakin nan duk abin da ka gani a kan pus-pus a birninmu Bangi na wasoso ne: firji, katifu, har ƙyamaren da aka ɓalle daga gidajen cikin gari. Mu a unguwar Kilomita Biyar mun rufe shaguna, muna leƙe ta kafar ƙyaure ana wucewa da su. A cikin wannan hali ne mijina, mahauci mai furfura wanda ba a rasa shi a sahun gaba ran Juma'a, ya ratso unguwa da rana tsaka da kayan gidan Bature.

Ba sata ya yi ba. Ya yi shekaru yana kai nama gidan wata tsohuwar Baturiya da muke ce wa Madam, kuma autarmu tun tana ƙarama take bin sa da tire a ka. Yana can baya da kuku, ita tana falo, Madam ta ɗora ta a kujera tana jera mata yatsu a kan fiyano. Ranar da mota ta zo ɗaukar Madam, ta ce a kai wa yarinyar, don in an bar shi 'yan wasoso faskare shi za su yi.

Na ce, "Wa ya ji sanda ta ce ta ba ka?"

"Kukunta."

"Ina kukun?"

"Ya tsallaka kogi."

"To Malam, shaidunka biyu ne, ɗaya tana Turai, ɗaya yana hayin kogi. Madalla."

Ya ce kyauta ce, shi kuma bai saba mayar da kyauta ba. Aka tura abin ɗakina, don nan ne maza ba sa shiga. Masu turawa ba su gama fita ba Auta ta ɗaga murfi ta danna haƙoran nan farare. Ƙarar ta cika ɗakin, ta bugi kwanon rufi, na tabbata har kasuwar Kokoro an ji. Na damƙe wuyan hannunta.

"In na sake jin kukan abin nan, ke da shi za ku kwana a titi."

Ba a daɗe ba magana ta fara yawo cewa masu kaki na bi gida gida suna neman bindigogi da kayan wasoso. Ba wanda ya san na wane ɓangare ne, kuma ba a tambaya. A unguwar Yakite an tafi da wani tela saboda firji, matarsa ta yi ta yawon nemansa. Na ce wa Malam mu farfasa shi mu yi girki da katakon, ya ce sai dai bayan ransa. Na ce a fitar da shi, ya ce a sake ratsa unguwa da shi ke nan, waɗanda ba su gani ba da farko su gani. Nan kam ya fi ni gaskiya. Abin da ke gabana ɗaya ne: in aka ga fiyano a gidan nan, da Malam za a tafi, kuma ba kowa ake dawowa da shi ba.

Sai na janyo kwanukan aurena daga ƙarƙashin gado, kwalla da samira da tasoshi, waɗanda rabona da su tun yaye na biyu. Na wanke su da toka har suka ɗau ido. Na lulluɓe fiyano da zanen gado har ƙasa, na shimfiɗa leshi a sama, na jera kwanuka manya a ƙasa ƙanana a kansu, kamar yadda uwata ta jera mini ina amarya. Duk namijin da ya leƙo, jeren mace zai gani a kan kabad, ya kau da kai.

Amma abin ba ya yin shiru ko ba a taɓa shi ba. In aka harba babbar bindiga daga wajen bakin kogi, sai ya amsa daga cikinsa, wani dogon gurnani mai daɗewa, kwanuka na kaɗawa a kansa. Auta ta nuna mini yadda ake cire allon gaba. Ciki wayoyi ne reras, da 'yan guduma masu kan auduga da ke dukansu. Na yayyaga tsofaffin zannuwana na saƙa su tsakanin wayoyin, sama da ƙasa, na cusa har ba wadda ke motsi. Na ce ta danna. Sai ɗif, ɗif, kamar ana taka katifa.

Na ce, "Yauwa. Haka za ki iya kaɗa abinki."

Ta ce da yaren Sango na mutanen garin, don in ranta ya ɓaci Hausa guduwa take daga bakinta, wai wannan ai ba kiɗa ba ne. Na ce ta yi mini Hausa ko ta yi shiru. Ta yi shiru, amma washegari bayan azahar na same ta ta sauke kwanukan da ke kan murfi ta zauna.

Haka muka zauna da shi har damina ta yi nisa. Makarantu a rufe, fita sai dole. Kullum bayan azahar ta sauke layin gaba na jere, ta ɗage zane, ta yi ta gudu da yatsu a kan haƙoran da ba sa magana. Ni ina bakin ƙofa da faifai ina tsintar shinkafa, ido ɗaya a zaure. In ta manta ta fara rerawa ta hanci, na yi gyaran murya. Wani lokaci takan tsaya cak ta ja tsaki ta koma baya, wai ta yi kuskure. Na ce ina ta ji kuskuren a abin da ba ya ƙara? Ta ce yatsanta ne ya ji.

Wata rana ta ce, "Inna, kawo hannunki."

"Nawa hannun riƙe muciya ne, ba na wasa ba."

Ta dai kama shi. Ta nuna mini yadda babban yatsa ke sulalewa ta ƙarƙashin sauran in za a hau sama, don kada hannu ya yi tsalle. Na yi ya fi a ƙirga kafin ta ce ya yi. Har yau in na zauna shiru nakan tsinci yatsuna suna wannan hawan a kan gwiwata. Ban taɓa jin yadda yake fita ba a lokacin, ni dai na san ana hawa ana sauka.

Ba ƙaunar fiyanon nake ba, amma kaya ba ya lalacewa a ɗakina. Na zagaye ƙafafunsa da toka da kalanzir saboda gara. Na ɗana wa ɓera tarko a bayansa, don Auta ta ce audugar gudumomin nan suke ci. Da laima ta kumbura haƙoran, wasu in an danna ba sa tashi, sai na riƙa kanga masa kaskon turaren wuta daga ɗan nesa, kamar yadda ake yi wa tufafi. Duk safiya na goge shi, na mayar da jere.

Na yi lissafin idon maza, na manta da na mata. Maƙwabciyata, matar mai goro, ta shigo aron taɓarya wata safiya ina banɗaki, ta leƙa ɗakin nemana. Kafin in fito na ji guɗa.

"Ayyururui! Ashe biki ake shiryawa a ɓoye! Hajiya, da ni za ki yi wannan? Wane ne angon?"

Mace mai shekaruna, da budurwa a gida, ta fito da kwanuka ta wanke ta jera, me kuma za a ce? Na ce shan iska kawai na fito da su. Ta ce shan iska da leshi? Kafin la'asar mata sun fara sallama, ɗaya bayan ɗaya, kowace ta zo ganin kaya. Kuma ba a hana mace ganin jere. Sai ta ɗaga kwano ta juya gindinsa, ta ƙwanƙwasa, ta faɗi wanda ya tsufa da wanda ya kamata a ƙaro. Ina tsaye jikin zanen gadon na tokare shi da ƙugu, ina murmushin da ya fi kuka ciwo. A masallaci kuma aka fara yi wa Malam Allah sa alheri. Ya dawo yana faɗa, wai na sa shi tsakanin ƙarya da gaskiyar da ba ta faɗuwa.

Matar mai goro ta dawo ita kaɗai bayan kwana biyu. Ta tsaya gaban jere tana yaba faɗin kabad ɗin, sai ƙafarta ta ci karo da abin takawar nan na ƙarfe da ke ƙasa. Ta sunkuya ta ɗaga zane. Ta daɗe a sunkuye.

"Hajiya, kabad ɗinki har da abin takawa kamar keken ɗinki?"

Ta saki zanen, ta daidaita shi da hannunta, ta ce tuwonta na kan wuta.

Daga ranar barci ya ƙaurace mini. Ɗanta babba yana zama da samarin da ke tare hanya a mahaɗa. In ta gaishe ni da fara'a, na ce ta faɗa. In ta gaishe ni a daƙile, na ce ta faɗa. Na hana Auta taɓa abin, na hana Malam zaman ƙofar gida.

Wata rana da hantsi masu kaki suka zo. Ba su bincika zaure ba, ba su duba ɗakin Malam ba. Babbansu ya ce da yaren Sango, ina kayan Baturiya? Ya wuce ɗakina da takalminsa, ya sa bakin bindiga ya share jeren gaba ɗaya. Kwanukan aurena suka tarwatse a siminti, murafe na gangarawa har tsakar gida. Ya fizge zane, ya ɗaga murfi, ya daki haƙoran da tafin hannu. Ɗif. Ya sake. Ya ce wa na bayansa mataccen abu ne. Suka gwada ɗagawa, ya ƙi ko motsi, ɗaya ya murɗe yatsa yana zagi.

Malam yana ta cewa kyauta ce, a tambayi duk kasuwa. Babban ya ce kowa kyauta aka ba shi a garin nan, ya zo ya yi bayani a can. Suka tasa shi gaba, suka bar fiyano a buɗe.

Auta ta durƙusa tana tsince murafe. Na ce ta bar su. Can sai ga matar mai goro, ba sallama, ta zauna a tabarma kusa da ni. Ta ce mijinta ya tafi tara dattawan masallaci da na mahauta, za su bi sawu. Na dube ta, na rasa abin da zan gani a fuskarta. Har ta koma ga Allah ban san ko daga bakinta aka ji ba, ko daga bakin duk waɗanda suka ga pus-pus. Muka zauna. Aka kira azahar, na yi salla ban san abin da na karanta ba. Duk motar da ta wuce sai na miƙe.

Bayan la'asar dattawa suka shigo da shi, ba hula ba takalmi, leɓensa a fashe, ido ɗaya ya rufe. Sun tsaya masa, sun ce duk kasuwa ta san gidan da yake kai nama. Na dafa ruwa na gasa masa fuska. Da mutane suka watse sai ya kira yarinyar.

"Auta, cire tsummokaran nan."

Na ce, "Malam, ba ka ƙoshi ba?"

"Sun riga sun gan shi, unguwa ta riga ta sani. An dake ni a kansa, ki bari in ji abin da aka dake ni dominsa."

Ta riƙa zaro zannuwan ɗaya bayan ɗaya. Sun sha laimar damina, suka fito jajaye da tsatsa. Ta zauna ta fara. Ko ni da ban san kiɗan ba na ji wani wurin yana karkacewa, wani haƙorin ya nutse ya ƙi tashi. Ta tsaya, hawaye na zuba, ta ce ba haka yake ba, a gidan Madam ba haka yake fita ba.

"Ni ban je falon Madam ba," in ji Malam. "Ci gaba."

Ta ci gaba. Na ɗauki mayafi na fita zaure na tsaya jikin ƙyaure. A titi ana jin sa sarai. Mai gasa masara ta ɗago kai, yara biyu suka tsaya. Wata mota mai rufin tamfol ta rage gudu a mahaɗa, na riƙe sakata da hannu biyu har ta karya kwana ta nufi Yakite. Ban koma ciki ba sai da aka kira magariba ta rufe murfin.