Bututu a Bakin Ustad Shamshad

Shekara arba'in Ustad Shamshad yana busa gilashi a garin Firozabad na ƙasar Indiya. Kumatunsa sun saki kamar tsohuwar jaka, amma ƙirjinsa, sai dai a ce tubarkalla. Tun yana ɗan tara maigidansa ya kafa masa doka da mari: muddin bututu na bakinka, busawa kawai, kada ka kuskura ka ja, wuta za ka zuƙa. Dokar ta bi jikinsa har ya manta da ita.

Sai ciwon huhu ya kayar da shi. Kwana goma sha biyu injin asibiti yana yi masa numfashi ta wani bututun roba da aka zura masa a maƙogwaro. Huhun ya warke. Amma naman da ke ƙarƙashin haƙarƙari, mai jawo iska, ya samu mai yi masa aiki ya miƙe ƙafa. Likita ya faɗa a gabansa, ba ɓoye-ɓoye: kowace rana a kan injin, naman nan ƙara mutuwa yake.

Ranar gwajin raba shi da injin, matarsa Zaibun ta riƙe hannun nas mai kula da shi.

"'Yar nan, ki bar shi ya huta mana. Mutumin da bai taɓa hutawa ba?"

"Inna, hutun ne ke cinye shi," in ji Sista Mariamma. Ta rage injin, ta sunkuyo. "To Kawu, sarkin busa, yau ja za ka yi. Ja mu gani."

Ya so ya ja, wallahi ya so. Amma ga bututu tsakanin haƙoransa, jiki ya ce a'a. Da ya tilasta, abin da ya shigo bai kai cikin cokali ba. Ya sake nema, ƙirjin ya yi shiru kamar na wani. Gumi ya karyo masa. Tsoro irin wanda bai taɓa ji a bakin tanderu ba ya kama shi, ga shi ba bakin ihu.

Zaibun ta kira shi da sunan ɗansu: "Baban Guddu, ja mana! Kai da ke cika tulun gilashi da numfashi ɗaya!"

Minti huɗu, leɓɓansa suka canza launi. Sista ta mayar da injin.

Iska ta shigo masa a sanyaye, ba wahala, ba roƙo. Zaibun tana ta hamdala. Shi kuwa hawaye ne ke gangara masa cikin kunne, don ya ji daɗin dawowar injin ƙwarai, kuma ya san gobe zai fi jin daɗinsa.